Takunkumin Sarkin Ruwa

Ranar da labari ya iske Tabawa, Talata ce, damina ta yi tsaka, tana tsugune gaban tukunyar kalwa tana iza wuta. Shekara talatin ta yi tana daddawa a unguwar Ƙofar Gulbi ta birnin Gawasa, kuma da daddawar nan ta raini ɗanta guda ɗaya, Nomau, tun rasuwar ubansa. Nomau shi ne mai riƙe tutar Madawaki. A ranar, kwana tara ke nan da rundunar Gawasa ta fita don ta tari mayaƙan Marke a ƙetaren Gulbin Taura.

Jakadiyar Sarki ce ta yi sallama, wata dattijuwa ana ce mata Kyauta. Mace ce mai barkwanci, ba ta shiga gida ba ta tsokani wani ba. Ran nan ta shigo shiru, ta zauna kan turmin da aka kife tun ba a ce ta zauna ba.

"Tabawa, sai haƙuri."

Tabawa ba ta ɗago ba. Ta ƙara tura icce cikin murhu, ta ce, "Kibiya ce ko mashi?"

"Ruwa ne."

Nan Kyauta ta ba ta labari kamar yadda waɗanda suka tsira suka kawo shi. Madawaki Jatau ya shiga da runduna Mashigin Kuka, ruwa iya gwiwa. Suna tsakiyar gulbi sai suka ji ƙugi daga sama, kafin su waiwaya ruwa ya taho a tsaye kamar ganuwa ta tashi tana tafiya. Mutum ɗari biyu da arba'in ya tafi da su. Waɗanda suka kai gaɓar can kuma 'yan bakan Marke suka tsince su ɗai-ɗai.

"Ina gawar?" in ji Tabawa.

"Ba a samu ba."

Sai da ta ƙarasa dafa kalwar ta sauke, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba in ta bari. Mata suka cika gidan suna koke-koke, ita ko hawaye ya ƙi zuwa. Ta shiga ɗaki ta ciro farin sawayen da ta tanada don likkafaninta, ta shimfiɗa shi kan gado, ta tsaya tana kallo, babu wanda za a naɗe a ciki. Nomau ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" take cewa. Yanzu tana so ta kira sunan ko sau ɗaya, baki ya ƙi.

Kwana shida da wannan, Jakadiya ta komo da saƙon Madawaki. An kama Sarkin Ruwa Bagudu, shugaban masuntan Mashigin Kuka. An ce shi ya aika wa runduna su shiga, alhali ya haɗa baki da Marke. Madawaki yana so a fille kansa a yau, amma Alƙali yana jan ƙafa. Don haka ake son uwar mai tuta ta zo fada ta nemi jinin ɗanta da bakinta.

"Me zan ce gaban Sarki?" in ji Tabawa. "Ni ko gaisuwar fada ban iya ba."

"Ki ce a kashe shi. Ko kuka kaɗai kika yi ma ya isa."

"Shi wannan mutumin, ya ga yaron?"

Kyauta ta ce, "Oho. An dai ce kwana biyu ya yi yana tsamo gawarwaki kafin dogarai su je."

Tabawa ta yafa gyautonta ta bi ta. A hanya babu abin da take so kamar ta ga kan mutumin nan a ƙasa. Da suka iso ƙofar fada suka tarar jama'a sun yi cincirindo suna kallon sama. Shamuwoyin da ke sheƙa kan tsamiyar fada sun tashi tun da safe, sun bar 'ya'yansu, alhali damina ba ta ko fara juyawa ba. Wasu na cewa alamar maci amana ce a cikin gari, wasu na cewa birnin ne za a ci.

Sarki Barmo na zaune kan karaga, tsoho ne mai ƙarancin magana. Galadima na damansa. Madawaki Jatau na hagu, an ɗaure masa hannu da tsumma. Can gefe Alƙali Hashimu yake, ɗan ƙaramin mutum mai ido ɗaya, littafi kan cinyarsa. A tsakiyar fage dogarai biyu sun durƙusar da Sarkin Ruwa. An gitta masa icce a baki, an ɗaure da tsirkiya ta bayan ƙeya. Kwana biyu takunkumin nan yana bakinsa. Jakadiya ta zaunar da Tabawa kusa da ƙofa, inda randar ruwan fada take.

Madawaki ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Na fita da maza, na komo da marayu a bayana. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yana cikin waɗanda ruwa ya ci. Ga wanda ya sayar da mu nan a durƙushe. Abokan gaba suna bakin gulbi, gari yana tafasa. Ban roƙi Sarki komai ba sai kan mutum ɗaya, kafin la'asar."

Sarki ya juya ido wajen Alƙali.

"Allah ya taimaki Sarki," in ji Alƙali Hashimu. "Tun zamanin kakanka da aka fara zaman shari'a a garin nan, ba a yanke wa ɗan Adam hukunci sai an tambaye shi gaban shaidu, kana da sauran magana? Shi ne muke ce wa i'izari. Ko akuya mutum ya sata, an kama shi da igiyar a hannu, sai an yi masa tambayar nan. Wannan ko rai ne. Kuma ni ban taɓa ganin yadda ake tambayar mutum da icce a bakinsa ba."

"Allah ya gafarta Malam, wannan ba shari'ar akuya ba ce," in ji Madawaki. "Yaƙi ake yi. Cin amanar ƙasa maganar Sarki ce, ba ta zauren alƙali ba. Takunkumin ko ni na sa a sa masa, don harshensa akwai asiri. Mutumin da ke hira da iskokin ruwa, in aka buɗe bakinsa sai ya juya kan fada duka."

Alƙali ya ce, "In har harshensa ya fi ƙarfin fadar Gawasa, ai shi ya kamata a tura wa Marke tun farko, a bar dakaru su yi noma."

Wasu fadawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Fuskar Madawaki ta yi baƙi.

Sai Galadima ya gyara zama. Mutum ne mai sanyin murya, ba a taɓa jin ya ɗaga ta ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Malam ya faɗi gaskiya, Madawaki ma ya faɗi tasa. Amma a saurari abin da ke wajen ƙofa. In rana ta faɗi mutumin nan yana da rai, samarin gari za su cinna wa unguwar masunta wuta, da mata da yara. Kai ɗaya a madadin unguwa guda. Allah ya san ba don son rai muka yi ba."

"Galadima, shari'a ba ta ƙaura daga gari don an buga tambarin yaƙi," in ji Alƙali. "In yau aka kashe wannan ba a ji shi ba don jama'a na ihu, gobe in suka yi ihu a kan wani, da me za a hana su? Allah ya taimaki Sarki, rawanin nan mahaifinka ya naɗa mini. In za a yi haka, a bar ni in ajiye shi tukuna, sannan a yi."

Ba a saba gaya wa Sarki Barmo magana irin wannan ba. Ya daɗe yana kallon Alƙali, sannan ya ce da Madawaki, "Mece ce hujjarka?"

"Saƙon da ya aiko, ranka ya daɗe. Ga manzon nan da ransa." Aka shigo da wani barde, ya faɗi ya yi gaisuwa. Madawaki ya ce, "Faɗi abin da ya ce ka gaya mini, kada ka ƙara kada ka rage."

Barden ya ce, "Cewa ya yi, je ka gaya wa Madawaki, ruwa ya yi barci, kada a tashe shi."

"To Zaki ya ji," in ji Madawaki. "Ruwa ya yi barci, wato ya kwanta, hanya ta yi kyau. Kada a tashe shi, wato a shiga a sanyaye. Don haka na hana kiɗa, na hana busa, muka shiga kamar masu zuwa jana'iza. Ashe tamu ce."

Can bakin ƙofa, Tabawa ta tuna inda ta taɓa jin maganar nan. Uwarta 'yar masunta ce. Tana da shekara bakwai aka kai ta tungar kakanninta a bakin wannan gulbin. Wata safiya ta ga ruwa ya janye, yashi ya fito fari, ta ruga za ta tsinci katantanwa. Kakarta ta damƙo ta ta zani ta fizgo ta baya, ta ce, "Ke! Ruwa ya yi barci, kada ki tashe shi." Ran nan ko ɗiban ruwa ba a yi ba, maza suka janye jiragensu can kan tudu. Kafin azahar ruwa ya zo ya kwashe bukkoki huɗu.

Ta dubi mutumin da ke durƙushe. Idanunsa sun firfito, yana girgiza kai, miyau da jini na zuba ta gefen iccen. In ta yi shiru, za a kashe shi, ta sami wanda za ta riƙa tsine wa har ta mutu. In ta yi magana, to yaronta ya tafi ne a kan kalmar da aka ji a baibai, babu wanda za ta kama. Kuma wannan mutumin ne kaɗai ya yi kwana biyu yana juya fuskokin matattu.

Madawaki ya ce, "Ga uwar mai tutata nan, Zaki. Ba ta da miji, ba ta da wani ɗa. A tambaye ta."

Jakadiya ta kama hannunta ta matso da ita. Tabawa ta durƙusa, ta rasa yadda ake gaisuwar, sai ta ce, "Ina wuni, ranka ya daɗe." Wani bafade ya yi tsaki, Sarki ya ɗaga masa hannu.

"Baiwar Allah," in ji Sarki, "ɗanki ba shi da uba, ba shi da ɗan'uwa. Jininsa a hannunki yake. Me kike nema?"

"Ranka ya daɗe, ni daddawa nake yi, ban san shari'a ba. Da zan fito daga gida, kan mutumin nan na zo nema, ba zan ɓoye ba. Amma a cire masa iccen nan tukuna. Ina so in tambaye shi inda yaron yake. In aka kashe shi da maganar a bakinsa, wa zan tambaya?" Sannan ta ce, "Kuma saƙon da aka ce ya aiko, a gidan kakata ba shiga yake nufi ba."

"Baba," in ji Madawaki da sauri, "baƙin ciki ne ya ruɗa ki."

"Ranka ya daɗe, baƙin ciki ya hana ni ci, amma bai toshe mini kunne ba."

Sarki ya ce, "A cire."

Sarkin Dogarai ya sa wuƙa ya yanke tsirkiyar. Iccen ya fito da fatar leɓe a jikinsa. Alƙali ya miƙe, ya kira Galadima da Limamin fada su zama shaidu, ya ce da babbar murya, "Bagudu, Sarkin Ruwan Gawasa, ka ji abin da aka ce ka yi. Kana da sauran magana?"

Bagudu ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai wani kurman sauti. Harshen ya kumbura, ya bushe kamar ƙirgi. Alƙali ya sake tambaya. Bagudu ya sake yunƙurawa, shiru. Wani daga mutanen Madawaki ya ce, "To ga shi, an tambaye shi, ba shi da ta cewa."

Ba a miƙewa tsaye gaban Sarki sai an ba da izini, amma Tabawa ba ta san da haka ba. Ta tashi ta koma bakin ƙofa, ta buɗe randa, ta ciko moɗa, ta ratsa tsakanin manyan fada da ita. Hannuwan Bagudu a ɗaure suke, sai ta tallafi haɓarsa ta kafa masa a baki. Ya sha, ya ƙware, ya sake sha. Ta koma ta ciko ta biyu.

Alƙali ya yi tambaya ta uku.

"Ina da ita, Allah ya gafarta Malam," in ji Bagudu, muryar na fita a dishe. "Allah ya ja zamanin Zaki. Saƙon nawa ne, barde bai ƙara ba bai rage ba. Mu a bakin gulbi ba mu cewa kada a shiga ruwa, don ba a hana ruwa a gaban ruwa, haka muka gada. In ruwa ya janye a watan da ya kamata ya cika, wani abu ne ya tare shi a sama, kuma zai zo gaba ɗaya. Shi ne barcin. Tashinsa ko shi ne a taka shi. Ko yaron goye a tungarmu ya san haka. Laifina, ban taɓa zaton akwai mai jin Hausa da ba zai gane ba. Marke ne suka datse gulbi a Maƙoshin Dutse, inda ya matse tsakanin duwatsu biyu, da itatuwa da taikunan yashi. Da suka ga runduna ta kai tsakiya suka sare igiyoyin."

Sannan ya juyo wajen Tabawa. "Inna, mai tutar, dogo ne mai wushirya?"

"Shi ne."

"Na same shi rana ta biyu, a kwanar giginya uku. Ya naɗe tutar a ƙugunsa, bai sake ta ba. Fuskarsa ba ta ɓaci ba. Mu muka yi masa wanka, muka yi masa salla mu goma sha ɗaya. Likkafani ya ƙare, na sa masa rigata. Yana ƙarƙashin giginyar tsakiya, na kafa karyayyen filafilin tuƙa jirgi a wajen kansa."

A nan ne, gaban Sarki da Galadima da dukan fada, kukan ya zo wa Tabawa. Ta dafa ƙasa da hannu biyu ta ce, "Nomau." Sau ɗaya ta faɗa. Babu bafaden da ya yi tsaki.

Sarki ya jira har ta lafa, sannan ya juya wajen Madawaki. Jatau bai jira a tambaye shi ba. Ya kwance takobinsa ya ajiye, ya warware rawaninsa ya ɗora a kai. Nan take fadawan da ɗazu suke neman kan Sarkin Ruwa suka juya. "A kashe shi!" "Shi ya kai su!" Galadima ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ga wanda za a ba jama'a."

"Shi ma sai an ji shi," in ji Alƙali.

"Malam, ai ya amsa da hannunsa."

"Ban ji da bakinsa ba." Ya juya idonsa ɗaya wajen Jatau. "Jatau, kana da sauran magana?"

Jatau ya ɗago kai. Ya ce, "Ina da ita. Da na ga gulbi iya gwiwa a tsakiyar damina, zuciyata ta gaya mini ba lafiya ba. Ina gaggawar nasara, sai na ji saƙon yadda nake so in ji shi. Da muka fito, wani tsohon masunci ya gaya mini ma'anarsa. Na rasa yadda zan dubi garin nan. Shi ya sa na sa takunkumin. Babu wani asiri a harshensa."

Alƙali ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, abu biyu ne. Shigar ruwa kuskure ne, ba a kashe mutum a kan kuskure. Takunkumi kuwa ganganci ne, akwai hukunci a kansa. Sarkin Ruwa ba shi da laifi, a kwance shi."

Ana kwance shi, Bagudu ya ce, "Zaki, ban gama ba. Tun kafin dogarai su zo, ruwa ya sake yin barci. Sun sake datsewa, wannan karon don su ƙetaro da ƙafarsu su zo mana. Madatsar nan ba za ta riƙe ruwan damina fiye da kwana bakwai ba. Yau kwana huɗu. Kwana biyu nake son in faɗi wannan."

Sarki Barmo ya miƙe tsaye, abin da aka daɗe ba a ga ya yi cikin zaman fada ba. Ya ba Galadima tuta. Ya ce da Bagudu ya zaɓi mazan da yake so. Ya dubi Jatau ya ce, "Hukuncinka sai an dawo. Za ka tsaya a Mashigin Kuka a sahun gaba, babu rawani. In ka rayu ka zo ka ji."

Sanƙira, mai shelar fada, ya fita ya gaya wa jama'a abin da aka yi. Samarin da suka tanadi bakin wuta don unguwar masunta, su ne washegari suka ɗauki jiragen masuntan a ka. Jirage ashirin aka zagaya da su ta bayan tsauni, masunta sittin da 'yan baka arba'in, har suka sauke su a saman madatsa, inda ruwan da aka tare ya taru ya zama tafki. Suka ɓuya cikin duhun ciyawa.

Rana ta uku da hantsi mayaƙan Marke suka gangaro Mashigin Kuka, ganguna na tashi, tutocinsu ja. Ruwa ko idon sawu bai rufe ba. Dakarun Gawasa suka tare su a gaɓa, Jatau a gaba da garkuwa da mashi, kansa a buɗe. Galadima ya ce a ja da baya kaɗan-kaɗan, kamar an karaya. Marke suka yi kururuwa suka zubo cikin gulbi gaba ɗaya, har da Sarkin Yaƙinsu. Sai Galadima ya sa aka cinna wa tarin ɗanyen ganye wuta a kan tudu. Hayaƙi ya miƙe.

Da ganin hayaƙin, jiragen Bagudu suka fito daga cikin ciyawa. Masu gadin madatsa gabansu suke kallo, ba su taɓa tsammanin za a zo musu ta ruwa ba. Kibau suka sauka a kansu, waɗanda suka rage suka hau duwatsu. Bagudu da kansa ya nutse da gatari ya sare uwar igiyar. Itatuwa suka yi ƙara, madatsa ta buɗe.

Abin da ya sami Gawasa shi ya sami Marke, a wuri ɗaya, cikin kwana goma. Da ruwa ya lafa masunta suka bi gulbi da jirage suna tsamo mutane, nasu da na abokan gaba, don sun ce ba a barin mai rai a ruwa. Kafin kwana bakwai manzannin Sarkin Marke suka iso da farar tuta suna neman sulhu. An ɗauko Jatau a kan makara da kibiya a cinya, da ransa. Aka tuɓe shi daga sarauta, Alƙali ya yanke masa zaman shekara guda a tungar masunta, yana tuƙa wa Bagudu jirgi.

Ran Juma'a Sanƙira ya bi ƙofofin birni huɗu yana shela: Sarki ya ce a gaishe ku, ya ce daga yau babu takunkumi a ƙasar Gawasa. Ko ana yaƙi ko ana zaman lafiya, ko talaka ko mai sarauta, ba a kashe mutum, ba a dukansa, ba a ɗaure shi, sai an tambaye shi gaban shaidu ko yana da sauran magana, kuma an jira ya amsa.

Da kaka ta yi, Bagudu ya ɗauki Tabawa a jirgi ya kai ta kwanar giginya uku. Jatau ne ya tuƙa su, bai ɗago kai ba har suka je suka dawo. Ta zauna wajen filafilin nan har rana ta karkata, ta cire ciyawar da ta tsiro, ta ba Bagudu farin sawayenta a madadin rigarsa.

Tsufa ya kama ta yanzu, ta bar daddawa. Amma akwai wata randa a zauren Alƙali, ita ta saya ta girke. Kullum da hantsi, kafin a fara zama, takan zo da sandarta ta wanke moɗa, ta sa a cika randar, ta zauna a gefe. Duk wanda aka shigo da shi, kafin Alƙali ya buɗe baki, sai ta miƙa masa. Dogarai kan tsokane ta.

"Baba, wannan fa ɓarawon shanu ne, a hannu aka kama shi."

Ba ta ko kallonsu. Takan kafa wa mutumin moɗa a baki ta ce, "Sha, ɗana, za a tambaye ka."